Kwana Biyar Na Rosalba

Malama Ornella,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Ban iya riƙe alƙalami ba sai da na shekara arba'in da uku, har yau in na zo kan doguwar kalma sai na tsaya na huta kamar mai hawan tudu. Yanzu shekaruna saba'in da shida. Filinki na jarida nake fara buɗewa duk Asabar, tun kafin in duba shafin waɗanda suka rasu. Kada ki sa sunana, sunayen da za ki gani a nan ma duk na canza su. Ƙauyenmu a kan dutse yake, in ka yi atishawa a ƙofar coci sai a yi maka sannu daga maƙabarta.

Maganar 'yata ce, mu kira ta Rosalba. Tana sayar da magani a wani kemis a Cosenza. Tana da shekara arba'in bayanta ya matsa mata da ciwo, likita ya ce ta riƙa iyo. Ni na zaci wata biyu za ta yi ta gaji, yadda ta gaji da koyon ɗinki. Ashe na haifi kifi ban sani ba. Ƙarfe shida na safe tana cikin ruwa, sau huɗu a mako, gashinta kullum yana warin maganin nan da suke zubawa a ruwan. Lambobin yabo sun cika mini saman firij, don ta ce a gidanta babu mai kallon su. Ni kuwa sai da na shekara talatin na fara ganin teku, ranar ma da takalmina na zauna a kan yashi ina riƙe da jakunkunan mutane.

A watan Agusta za a yi babbar gasa ta manya a ƙasar waje, ta waɗanda suka kai ashirin da biyar zuwa sama, har da masu tamanin da casa'in, in kin yarda. Rosalba da ƙawayenta uku suna yin irin iyon nan na karɓa-karɓa, wannan ta taɓa bango waccan ta faɗa. Shekara shida suna tare. Har rigar iyo iri ɗaya suke saya, wata shuɗiya da ni ba zan iya fita tsakar gida da ita ba.

Lahadin da ta wuce ta zo cin abincin rana. Na yi mata taliya da miyar tumatir yadda take so, ta ci rabi ta ture. Na ce, "Ke, mene ne? Gishiri ne bai ji ba?" Ta ce, "Mama, abincin ba laifi. Lissafi ne ya ƙi." Sai ta jawo ƙwallayen zaitun ɗin da muka ci ta jera huɗu a kan tebur. Ta ce a irin wannan iyon ana haɗa shekarun mutum huɗun ne wuri guda. Wannan ƙwallon ita ce, hamsin da huɗu. Wannan hamsin da takwas. Wannan sittin da ɗaya. Wannan ƙaton kuma Elvira, babbarsu, sittin da shida. An haɗa, ɗari biyu da talatin da tara. To rukunin da suke so daga ɗari biyu da arba'in yake farawa. A can, in ji ta, suna iya ɗauko lamba. In kuwa suka tsaya a rukunin ƙasa, da mata 'yan hamsin-hamsin za su kara, waɗanda za su gama, su yi wanka, su shafa mai, Elvira ba ta juyo ba.

Na ce, "To ku jira watan Agusta mana, wata cikinku ba za ta ƙara shekara ba?" Ta yi dariya ta ce ba haka ake yi ba. Ba ruwansu da ranar gasa. Shekarun da mutum zai kasance da su ranar talatin da ɗaya ga Disamba na shekarar su ake ƙirgawa, kuma duk sun riga sun ƙirga haka. "Shekara ɗaya tak, Mama," ta ce. Ta ɗan dube ni, ta ɗauki ƙwallon da yake ita ta jefa a kwandon shara.

Ma'anar jefawar ita ce za ta sauka. A ƙungiyarsu mace ɗaya ce ta rage da za a iya sakawa, Nunzia, mai shekara hamsin da biyar. In aka cire wata ba Rosalba ba, lissafin ƙasa zai yi. Sai an cire ƙaramarsu kaɗai zai cika cif. Mai horar da su bai ma iya faɗa mata ba, ita ta ce masa, "Malam, daina murza hular nan, na iya lissafi." Kuma ita ce ta fi su sauri, ba don ina uwarta ba. Za ta yi nata iyon na ita kaɗai, amma wannan na huɗun shi ne ranta. Ga Elvira za a yi mata aiki a kafaɗa bayan bazara, ba wanda ya san ko za ta koma ruwa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Malama, 'yata ba hamsin da huɗu za ta cika bana ba. Hamsin da biyar ce.

Na haife ta ranar ashirin da takwas ga Disamba, 1970, kwana uku bayan Kirsimeti, da hantsi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ni na haife ta, ai na sani. Ta zo 'yar mitsitsiya, har surukata ta tsorata ta sa aka kira fada, limamin cocinmu, ya yi mata baftisma washegari a ɗakin girki, kusa da murhu. Mijina Saverio, Allah ya ji ƙansa, bai sauka ofishin gari ba sai bayan sabuwar shekara. Ya dawo yana ta fara'a kamar wanda ya sayi jaki da araha. Ya ce ya rubuta ta biyu ga Janairu, 1971. Na ce don me? Ya ce, "Ke ba ki san alheri ba. Shekara guda na rage mata. Ranar da samari suka fara tambayar shekarunta za ki gode mini." Haka ake yi a wajenmu a lokacin, ba shi ya fara ba. Namijin da aka haifa ƙarshen Disamba a tura shi Janairu don ya jinkirta shiga soja, mace kuma don ta yi ƙuruciya a takarda. Akawun ma ba ya tambaya. In kika duba, rabin tsofaffin ƙauyenmu ɗaya ko biyu ga Janairu aka haife su, sai ka ce matan garin yajin aiki suke yi a makon Kirsimeti. Amma Saverio ya ƙara da cewa, "Ki ja bakinki ki yi shiru, maganar ɗauri ce." Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, duk takardar da aka miƙo mini gicciye nake zanawa a ƙasa, na ja bakina.

Ga abin da zai ba ki dariya, ni kam kuka yake sa ni. Nunzia ɗin nan da za ta karɓi gurbin 'yata, 'yar maƙwabciyata Filomena ce. Ungozoma ɗaya ta karɓe su. Ta bar gidanmu da kwana biyu aka kira ta gidansu, talatin ga wata. Sai dai uban Nunzia ɗan sanda ne, mutumin doka, ya bi ƙanƙara har gwiwa ya rubuta ta washegari. Saverio har zolayarsa yake yi, "Kai, ka cuci yarinya, kwananta biyu a duniya ka sa ta shekara." Nunzia ta riga Rosalba shiga makaranta da shekara ɗaya, tawa tana tsaye a ƙofa tana kuka da 'yar jakar da na ɗinka mata. Yau ga shi kuma, ƙanwa za ta ture yaya don wai ta girme ta.

Filomena tana nan da ranta, kuma ba ta manta komai ba. Shekaranjiya a bakin coci ta riƙo mini hannu ta ce, "Ƙawata, na ji bana ƙanwar Nunzia a benci za ta zauna." Ta ja kalmar ƙanwar nan kamar ana jan taliya. Na ce, "Ƙawa, ki kula da matakala, gwiwar nan taki ba ta son tsegumi." Muka yi dariya muka rabu, amma na dawo gida ban iya shan kofi ba.

Shaida tana nan. Rosalba ce ta koya mini karatu da ta gama jami'a, a kan teburin nan da ta jera zaitun. Da na fara iya haɗa baƙi, na je wurin fada na ce ya buɗe mini littafin baftisma na shekarar. Na bi layin da yatsa ni kaɗai. An haife ta ashirin da takwas, an yi mata baftisma ashirin da tara. A takardar gwamnati kuwa sai bayan kwana huɗu da baftismar ta zo duniya. Na rufe littafin na yi wa fada godiya, ban faɗa wa kowa ba.

Abin da nake yi kawai shi ne, duk ashirin da takwas ga Disamba nakan soya 'yan dunƙulen fulawa in zuba musu zuma, in ce ragowar Kirsimeti ce. Kuma ikon Allah, tun da ta yi aure, kusan shekara talatin ke nan, duk ranar sai hanya ta biyo da ita. Ta ce ta zo kawo mini maganin hawan jini, ko ta manta laimarta. Ta zauna ta cinye faranti, ta sumbace ni a goshi ta tafi. A cocinmu aka ɗaura auren, surukina mutumin kirki ne, sai dai shi ma tsoron ruwa yake kamar ni.

To Malama, saura mako biyar a rufe karɓar sunaye. Na yi tunanin in sa a ɗauki hoton shafin littafin nan in kai wa mai horar da su a ɓoye, ya aika wa masu gasar. Amma in suka ce ƙarya aka yi tun farko fa, suka ƙwace lambobin da ke kan firij ɗina? In aka kira ni kotu fa? Ni ko ofishin fansho tsoron shiga nake yi. In aka tono sunan Saverio yana kabari fa? Abin da ya fi duka, in ta dube ni ta ce, "Mama, na koya miki karatu, kika karanta, kika ɓoye mini?" In kuma na yi shiru, zan zauna ina kallo a cire ta saboda shekarar da take da ita, wadda ubanta ya ɓoye ni kuma na tsare masa.

Ki faɗa mini abin yi. Kada ki tausaya mini, na saba.

Uwar Kifi mai tsoron ruwa

Mama Uwar Kifi,

Da farko, ki daina ba da haƙuri kan rubutunki. Ina samun wasiƙu daga masu digiri biyu da ba su iya ba da labari rabin yadda kika bayar ba.

Na kai maganarki wurin wata mai alƙalanci a gasar iyo, na kuma kai ta wurin lauya, ban ambaci ko sunan dutsenku ba. Bari in fara da mai ɗacin. Hoton littafin fada ba zai mayar da Rosalba cikin huɗun nan a watan Agusta ba. Dokar yadda ta jera miki da zaitun haka take: shekarun ranar ƙarshe ta shekara ake ƙirgawa, kuma abin da fasfo ya ce shi ake bi. Masu gasa ba sa karɓar shaidar uwa, ko ta ungozoma, ko ta littafin coci. Ba rashin kunya ba ne. Dubban mutane ke zuwa daga ƙasashe da yawa, kowa da kakarsa mai rantsuwa cewa an yi kuskure a takarda. Gyaran ranar haihuwa ana yin sa, amma ta kotu, kuma littafin fada zai yi amfani a can. Sai dai aikin watanni ne, ba na mako biyar ba, bayansa kuma a sake fasfo, da lambar haraji, da duk wata takarda mai ɗauke da ranar. Don haka ki ajiye maganar zuwa wurin mai horarwa. Ba abin da za ki samo sai ki sa bawan Allah ya ƙarasa yaga hularsa, kuma 'yarki ta ji sirrin haihuwarta daga bakin wani a gefen ruwa.

Yanzu tsoronki. Lauyan ya ce ba ke kika je ofis ba, kuma maganar da ta haura shekara hamsin ta daɗe da wuce lokacin tuhuma. In har za a yi gyaran, a zauna da lauya tukuna, amma ki sha kofinki. Lambobin kan firij kuwa, ki duba da kyau. A wannan gasar mai son cuta ƙara wa kansa shekaru yake yi, don ya faɗa cikin waɗanda suka girme shi. Taku ragewa aka yi. Duk shekara biyar, sau ɗaya Rosalba takan makara a rukunin ƙasa tana fafatawa da ƙannenta. Ba ta taɓa cin komai da wannan takardar ba, ita takardar ce ke cin ta. Ba ta kuma yi wa kowa ƙarya ba, abin da hukuma ta ba ta shi ta nuna.

Saverio ma kada ki bari ya zama ɓarawo a idonki. Kyauta ya yi niyyar yi wa 'yarsa, irin ta zamaninsa. Ina zai san za a zo lokacin da mata za su riƙa neman shekara ɗaya ruwa a jallo don su cika lissafi? Ita ma Nunzia ba ta ture kowa ba, haihuwarta aka rubuta daidai, shi ke nan laifinta. Filomena kuwa, matar da ta riƙe magana shekara hamsin da huɗu a ƙauyen da ake jin atishawa daga maƙabarta, ai ta cancanci ta ɗan ja kalma ɗaya. Ki kai mata zuma.

Game da iyon, zaɓi na hannun su huɗun, ba naki ba, ba nawa ba. Suna iya shiga rukunin ƙasa tare, su sha kaye a cikin shuɗiyar rigarsu, su dawo suna dariya. Suna iya sa Nunzia su nemi lamba saboda Elvira, wanda ga alama shi 'yarki ta zaɓa da kanta, kuma zaɓin babbar mace ne. Baɗi kuwa, ko ba a taɓa takardar kowa ba, lissafinsu ɗari biyu da arba'in da uku ne. Kafaɗar Elvira tana hannun Allah da likita, amma na san irin matan nan, da wuya a raba su da ruwa.

Saura babbar tambayar, ki faɗa ko ki yi shiru. Shirun yana da hujja: ba zai canza watan Agusta ba, kuma zai iya ƙara mata takaici ta ji cewa shekarar tana nan, hannu ne ba ya kai wa. Amma ranar haihuwar tata ce, Mama, ajiya aka ba ki, kuma mai ajiya ba ya riƙewa har abada. Ita za ta yanke ko za ta je kotu ko za ta bar ranar da ubanta ya zaɓa mata. Ki faɗa.

Kuma ki sake karanta wasiƙarki, don amsar tana ciki. Kin ce a cocinku aka ɗaura mata aure. Wace takarda fada yake nema wurin amarya kafin ya ɗaura? Takardar baftisma, wadda ake kwafowa daga littafin nan da kika bi da yatsa. Mai sayar da magani, wadda aikinta kullum duba kwanan wata ne a jikin kwali, kina jin ba ta duba nata ba? Tun daga shekarar kuma laimarta take ɓacewa a gidanki duk ashirin da takwas ga Disamba. Ba zan rantse ba, amma ina zaton mata biyu ne suka shekara talatin suna cin faranti ɗaya, kowacce tana rufa wa ɗayar asiri. Ta ce miki shekara ɗaya tak, ta dube ki, sannan ta jefar da ƙwallon ba ta roƙe ki komai ba. Wannan ba kallon mai fushi ba ne.

Kada ki jira Disamba. Lahadin nan ki soya dunƙulen, ki zuba zuma da yawa, in ta tambaya ki ce ba ragowar komai ba ce. In kun gama, ki kama hannunta ku gangara coci, ki ce fada ya ɗauko littafin. Kada ki bar ta ta karanta. Ke za ki karanta mata layin, da ƙarfi, ki huta a kan doguwar kalma in kin so. Ita ta koya miki, ta cancanci ta ji abin da karatun ya saya.

A watan Agusta kuma ki bi ta. Ba wanda zai ce ki cire takalmi, kuma 'yan iyo kullum suna neman mai riƙe musu jaka. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba kifinki ruwa mai albarka.

Ornella